Kwana a duwatsun Rano da Kibiya: kayan da ake ɗauka da waɗanda ake bari a gida

Matafiyin da ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya ratse ta Karfi da Bunkure, kafin ya shiga Rano zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki sukan ba da wuri ga manyan duwatsu masu sulɓi, wasu tamkar da hannu aka ɗora su kan juna, kuma haka ake ci gaba da cin karo da su ta wajen Rurum da ɓangaren Kibiya a gabas. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma kamar Dala a Kano da Kufena a Zariya, gindin dutse ne ya fara tara mutane a irin waɗannan wurare, saboda tsaro da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinsa.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya samu hutun kwana biyu ko uku, ya yi niyyar zaga waɗannan duwatsu da ƙafa yana kwana a hanya, yawanci shawarwarin da zai tarar a intanet an rubuta su ne domin tsaunuka masu ƙanƙara. Kilimanjaro na Tanzaniya ya kai mita 5,895, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Duwatsun Rano ba su kama ƙafar waɗannan ba. Babu ƙarancin iska a kansu, babu ƙanƙara. Abin da ke kayar da mutum a nan ƙishirwa ce da zafin rana, sai sanyin dare, sai santsin dutse, sai abin da ke ɓoye a cikin kogo da ciyawa. A kan waɗannan ake shirya jaka.

Lokaci ne ke zaɓar kaya

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. An kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hanyoyin ƙafa sun fito fili. Kuɗin da ake biya shi ne hunturu: rana ta yi zafi da tsaka, dare kuma ya yi sanyin da wanda ya saba kwana a ɗaki bai san da shi ba, musamman a saman dutse inda babu abin da ke kare iska.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, kuma dutse yana riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Tafiyar kwanaki a wannan lokaci ganganci ne ga wanda bai saba ba. Damina kuwa ta fi kyan gani, amma dutsen da ruwa ya jiƙa ya fi sabulu santsi, kuma mutumin da ke tsaye a kan tsiraran dutse lokacin hadari shi ne abu mafi tsawo da tsawa za ta samu.

Lissafin ruwa

Masu tafiyar ƙasa suna da ƙa'idar da suka daɗe da yarda da ita, cewa kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana da kilo 14. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma mai tafiya a rana yana hawa yana sauka zai buƙaci lita huɗu zuwa biyar a yini, ban da na girki da alwala. Ruwan kwana uku shi kaɗai ya cinye nauyin jakar gaba ɗaya.

Saboda haka ba a ɗaukar ruwan kwana uku. Ana tsara tafiyar ne ta yadda kowace rana za ta ratsa ta ƙauyen da ke da rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, a ɗauki na yini guda da ɗan ƙari. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa ɗan jagora daga mutanen wurin ya fi kowace taswirar waya amfani, domin shi ya san famfon da ke aiki da wanda ya lalace tun bara. Gorunan roba biyu ko uku sun fi jarka ɗaya, don idan ɗaya ta fashe ba a rasa duka ba, kuma nauyi ya fi rabuwa daidai. Ruwan leda yana da sauƙin samu, sai dai yana fashewa a jaka, ledarsa kuma ta zama shara a dajin mutane.

Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ko a kududdufi ba a shan sa sai an tafasa, ko an sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin ta Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardarta. Wanka a cikinsa ma abin gudu ne. Tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, ta fata take shiga daga ruwan da ke kwance, kuma sananniya ce a yankunan noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ya kamata a sa ƙunshin ORS uku ko huɗu a jaka. Idan babu, ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Tufafi

Turawan da ke hawa tsaunukan sanyi suna ƙyamar auduga, saboda tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. A busasshen zafin kudancin Kano wannan halin nata alheri ne da rana. Riga mai dogon hannu, sakakkiya, mai haske, ta fi ƙaramar riga kare fata daga rana da ƙaya. Sharaɗin kawai shi ne kada a kwana da ita. Kaya kala biyu sun isa tafiyar kwana uku: na tafiya, da busassu na kwana da ake naɗewa a leda ba a taɓa su sai magariba. Kala na uku nauyi ne kawai.

Wando ya zama dogo mai kauri, wanda ƙarangiya ba za ta cika maƙale masa ba. Jins yana da ƙarfi amma yana da nauyi, yana kuma goge cinya idan tafiya ta yi nisa. Babbar riga da doguwar jallabiya ba su da wuri a nan, domin mai hawa dutse yana buƙatar ganin ƙafarsa. Mata sukan fi samun sauƙi da wando mai faɗi a ƙarƙashin riga mai kaiwa gwiwa da hijabi matsakaici wanda iska ba za ta riƙa ja ba.

Don dare, rigar sanyi ɗaya mai kyau, hular sanyi, safa mai kauri da bargo mara nauyi. 'Yan gwanjo na Ƙofar Wambai suna da duk waɗannan, har da jakar goyo mai ɗamarar ƙugu, a farashin da bai kai na sabo ba. A duba ɗinkin maratayar da zif kafin a biya. Kayan roba-roba suna bushewa da wuri, amma tartsatsin wuta ɗaya kan huda su, abin lura ga mai son matsawa kusa da wuta da asuba.

Abu biyu na gargajiya har yanzu ba a samu abin da ya fi su ba. Malafa tana inuwantar da fuska da wuya, iska na shiga ta cikinta. Rawani ko ɗan mayafi mai tsawo kuwa aikinsa ya fi ƙarfin lissafi: kare hanci daga ƙurar hunturu, ɗumama wuya da dare, tace ruwa kafin a tafasa, ɗaure targaɗe. Fatake ba don ado suke naɗa shi ba.

Kayan da suka yi kama da na soja a bar su a gida. Rundunar sojin Najeriya ta sha gargaɗin farar hula a kan sanya su, kuma baƙo mai irin wannan shiga a bakin daji tambayoyi yake jawo wa kansa.

Takalmi

A nan ne mafi yawan tafiye-tafiye ke lalacewa. Sabon takalmi, komai tsadarsa, zai fitar da bororo a rana ta farko. Wanda za a tafi da shi ya zama an yi makonni ana yawo da shi, sau-ciki ne mai ƙasan roba mai zane, kuma yana da ɗan sarari a gaba, domin a gangara yatsu ke dukan bakin takalmi. A yanke farce kafin a tashi. Takalmin ofis mai ƙasan fata yana zamewa a kan dutse, silifa kuwa na hutawa ne a masauki. Safa ƙafa uku, ana sauyawa, da filasta don rufe wurin da ya fara zafi tun kafin ya tashi.

Takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando su ne kuma kariyar farko daga maciji, domin yawancin sara a ƙafa yake faɗawa. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk suna zaune a irin wannan ƙasa. Ba a sa hannu a ramin da ido bai ga cikinsa ba, ba a tafiya da dare babu fitila, kuma da safe ana kakkaɓe takalmi saboda kunama. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti da gaggawa. Akwai babban asibiti a Rano, kuma yana da kyau tun kafin tafiya a tambayi inda ake samun allurar maganin dafi mafi kusa, a kuma riƙe lambar wani mai babur.

Guzuri da ƙananan kaya

Guzurin mafarauta da fatake shi ne daidai: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, dakuwa, garin kwaki da sukari. Ba sa lalacewa, ba sa neman wuta, kuma ɗan kaɗan ke riƙe ciki. Fura ta yini ɗaya ce. Abincin gwangwani nauyinsa ya fi amfaninsa. Ƙaramar tukunya da ganyen shayi sun isa girki, tun da za a ratsa ƙauyuka inda ake samun abinci mai zafi. Wutar da aka hura a busasshiyar ciyawar hunturu tana iya cinye karan wani da rumbunsa, don haka a kan dutse ake hura ta, a kashe ta da ƙasa kafin a tashi.

Sauran kayan ba su da yawa: tabarmar roba ko katifar soso siririya, domin dutse yana zuƙe ɗumin jiki, gidan sauro, tocila mai ɗaurawa a goshi da batir na ƙari, ashana a cikin leda, ƙaramar wuƙa, man kaɗanya don leɓe da dunduniya, maganin ciwon kai, bandeji, da duk maganin da likita ya ɗora mutum a kai. Sanda tana rage wa gwiwa aiki a gangara. Turare mai ƙarfi ya zauna a gida, saboda ƙudan zuma na yin saƙa a kogunan dutse. Waya a riƙa kashe ta, a tafi da fawa banki cike, a kuma riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin tiransifa ba ta da tabbas inda sabis ke ɗaukewa. Dardumar salla siririya da ƙaramar buta ba su da nauyi, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin halaccin taimama a kan dutse idan ruwan da ya rage na sha ne.

Wajen shiryawa, bargo da kayan kwana a ƙasan jaka, ruwa da abinci a tsakiya suna manne da baya, magunguna da tocila a sama inda hannu zai kai cikin duhu. A ɗaura ɗamarar ƙugu sosai don nauyin ya sauka a kan ƙugu maimakon kafaɗa. Kwana biyu kafin tafiya a goya jakar cike, a hau Dala ko Gwauron Dutse da ita. Abin da ya kamata a cire zai bayyana kansa tun kafin a kai sama.

Sallama ga masu wuri

Waɗannan duwatsu ba daji ne marar mai shi ba. Gonaki da makiyaya da maƙabartu na kewaye da su, wasu wuraren ma mutanen gari ba sa son baƙo ya taka. Dokar da Majalisar Dokokin Kano ta yi a Yulin 2024 ta sa Rano da Bunkure da Kibiya ƙarƙashin masarautar Rano, kuma kowane ƙauye yana da dagaci ko mai unguwa. Wurinsa ake fara zuwa, a gabatar da kai, a nuna katin shaida, a faɗi inda za a bi da ranar fita. Sau da yawa shi zai ba da ɗan jagora, ya kuma nuna wurin kwana a gefen gari, wanda ya fi kwanan saman dutse aminci. Ɗan goro ko sabulu na gaisuwa ya cancanci wuri a jaka.

Bindiga ko adda ko doguwar wuƙa ba kayan mai yawon buɗe ido ba ne. Mutanen wannan yanki ba su manta da matafiya 16, mafarauta, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 bayan an zarge su saboda bindigogin farautar da ke tare da su ba. Duk wanda ke tunanin zarcewa kudu zuwa dajin Falgore ko duwatsun Riruwai a Doguwa, wannan wata tafiya ce dabam da ke buƙatar shawarar jami'an tsaro tukuna. Ko a Rano da Kibiya, kada a tafi ƙasa da mutum uku, kuma a bar wa wani a gida sunayen ƙauyukan da za a kwana da lokacin da ya kamata ya ji kira.