Jarrabawar Yaƙi da Jahilci a Ƙasar Yawuri: Me Aka Auna?

A shekarar 1946 Gwamnatin Mulkin Mallaka ta fara gwajin koya wa manya karatu da rubutu a wasu yankuna na Nijeriya ta Arewa, cikinsu har da Zuru, maƙwabciyar Yawuri. Bayan ƙudurin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a Majalisar Arewa a 1950 game da gyaran mulkin En'e, sai aikin ya faɗaɗa, ya zama Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie yana cikin manyan jagororinsa. Hukumar NORLA da ke Zariya ita ce ta riƙa buga littattafan karatu da jaridun larduna har zuwa 1959. Ta Lardin Sakkwato, wanda Yawuri take cikinsa a lokacin, ita ce Zaruma.

Tsarin kuwa shi ne a buɗe aji a ƙauye ƙarƙashin kulawar En'e, a koyar da karatu da rubutu da ɗan lissafi na wasu watanni, sa'an nan a yi jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. Da yawan waɗannan takardu ake lissafin ci gaban yaƙin a rahoton gwamnati. Amfanin jarrabawa iri ɗaya a bayyane yake, domin da ita ake iya kwatanta aji da aji, da gunduma da gunduma, a kuma gane malamin da ke aiki da wanda ke karɓar alawus kawai. Sai dai ma'auni ɗaya ba ya yin adalci sai in abin da ake aunawa ɗaya ne, kuma a nan ne ƙasar Yawuri ta zama abin nazari.

Da farko akwai batun harshe. Masarautar Yawuri ta ƙunshi Gungawa mazauna tsibiran Kwara, da Kambari na wajen Ngaski, da Shangawa, da Dukawa, da Lopawa, ban da Hausawa da Fulani da Sarkawa masunta. Harshen aji kuwa Hausa ne. Bahaushen Yelwa da ya zauna jarrabawa abu ɗaya ake gwada shi a kai, wato sanin baƙi da wasali. Bagunge ko Bakambare kuwa abu biyu ne a kansa, sanin harafi da sanin Hausa, amma maki ɗaya ake ba shi. Idan ya faɗi, sakamakon ba ya nuna wanne ne daga cikin biyun ya kayar da shi.

Na biyu shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa, wadda Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙara wa ƙarfi, an gina ta ne galibi bisa karin Kano. Mai karin yamma yana cewa shina a wurin yana, da hwari a wurin fari. Idan aka yi masa shifta ya rubuta abin da bakinsa ya saba furtawa, ya nuna cewa ya gane dangantakar sauti da harafi, wanda shi ne ainihin iya rubutu. Amma mai duba takarda da ƙa'idar Zariya a hannu zai iya lissafa masa kuskure.

Na uku shi ne ajami. Tun kafin zuwan Turawa akwai malamai da fatake masu rubuta wasiƙa da lissafin bashi da haruffan Larabci. Ƙidayar jama'a ta 1952 ta ware masu karatu da haruffan Larabci daban da masu karatun boko, wato ta amince da samuwarsu. Jarrabawar ajin manya kuwa galibi boko take nema, ga shi sunan yaƙin ya jefa duk wanda ba shi da takarda cikin sahun jahilai.

Ma'anar da UNESCO ta bayar a 1958 ita ce, mai iya karatu shi ne wanda zai karanta ya kuma rubuta gajeren bayani a kan rayuwarsa ta yau da kullum, tare da fahimta. Taron Tehran na 1965 ya ƙara da cewa karatun ya zama mai amfani ga sana'ar mutum. Bukatar irin wannan karatu ta fito fili a bakin Kwara lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga gidajensu, Gungawa da yawa a cikinsu. Mutumin da aka sauya wa mazauni yana da hulɗa da takardun gida da na gona da na hukuma, kuma iya karanta su ya fi masa cin jarrabawar littafin aji.

An ci gaba da ƙoƙari bayan haka. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da sabon gangamin ƙasa ranar 8 ga Satumba 1982, aka kafa Hukumar Ilmin Manya ta Ƙasa a 1990, Yawuri kuma ta shiga sabuwar Jihar Kebbi a 1991. A fagen duniya, shirin LAMP na UNESCO da aka fara a 2003, wanda Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen gwajinsa, ya daina raba mutane gida biyu, masu ci da masu faɗuwa, ya koma auna matakan iyawa cikin harsunan jama'a.

Saboda haka ya wajaba mai nazarin tarihin ilmi ya yi hattara da alƙaluman takardun shaida na wancan zamani. Abin da suke nunawa shi ne yawan waɗanda suka iya daidaitacciyar Hausa da rubutun boko a ranar jarrabawa. Sanin yawan masu karatu da rubutu a Yelwa da Ngaski da Shanga yana bukatar a tambayi harshen da mutum ya tashi da shi, da irin harafin da yake rubutu da shi, da kuma abin da ya rage masa na karatun bayan an rufe aji.