Shekara ta Biyar: Digiri na Biyu Cikin Gaggawa da Horon Malaman Ilimi na Musamman a Amurka

A jami'o'in Amurka da dama, ɗalibin da ke koyon koyar da yara masu buƙata ta musamman yana iya neman gurbin digiri na biyu tun yana aji uku na digirin farko. Idan makinsa ya kai, sai ya fara ɗaukar wasu kwasa-kwasan mastas a shekararsa ta huɗu, a lissafa masa su a digirin biyu gaba ɗaya. Digirin farko a can yakan kai kiredit 120, na biyu kuma 30 zuwa 36. Kwasa-kwasai uku ko huɗu da aka raba tsakani su ne ke mayar da karatun shekara shida zuwa biyar. Wanda ya san yadda mai takardar NCE ke shiga jami'a daga aji biyu a Najeriya ba zai ga abin baƙo ba.

Jami'o'in suna tallata tsarin da cewa yana rage lokaci da kuɗi, kuma zai magance ƙarancin malamai. A ganina, batun lokaci da kuɗi gaskiya ne, amma batun ƙarancin malamai yana da rauni. Darajar tsarin tana ga abin da ake yi da shekarar ta biyar ɗin, kuma a nan ya kamata a auna shi.

Sai an san nauyin aikin kafin a san horon da ya dace da shi. Kafin 1975, yara masu nakasa kimanin miliyan ɗaya ne makarantun gwamnati a Amurka suka rufe wa ƙofa ɗungurum. A shekarar Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar da ta wajabta ba kowane irin wannan yaro ilimi kyauta wanda ya dace da shi, dokar da aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990. A shekarar karatu ta 2022/2023, yara da matasa kusan miliyan 7.5 ne ke ƙarƙashinta, wato kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati. Kowane ɗayansu yana da rubutaccen shirin karatu nasa na kansa, wanda malamai da iyaye da ƙwararru ke zama su tsara, a kuma sake duba shi duk shekara. Takardar tana da ƙarfin doka. A 2017, a shari'ar Endrew F., wani yaro mai lalurar otizim daga jihar Colorado, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da murya ɗaya cewa ɗan ci gaba na jeka-na-yi-ka bai wadatar ba. Dole shirin ya kasance wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da halinsa.

To, wa ke rubuta wannan shiri? Galibi malamin ilimi na musamman ne. Shi zai gwada yaro ya fassara sakamakon gwajin, ya gano ko rashin iya karatu ne ko rashin ji sosai ko kuwa tsoro. Shi zai zauna da uwar da ta gaji da jin laifin ɗanta, ya shawo kan malamin lissafi da ba ya son a taɓa masa tsarin darasi, ya kuma lura da mataimakan aji waɗanda sau da yawa sun girme shi. Ana koyar da ƙa'idojin waɗannan a lacca, amma iya su sai a cikin aji, a gaban wanda ya daɗe yana yi. Koyarwar gwaji ta zango ɗaya, wadda aka saba a digirin shekara huɗu, takan ƙare kafin ɗalibi ya ga shirin yaro guda daga farkonsa zuwa bitarsa. Shekara cikakkiya a makaranta ɗaya ita ke ba shi damar ganin yaron da ya ƙi zama a watan Satumba, da abin da aka gwada, da abin da ya ci tura, da inda aka kwana a watan Mayu.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Jami'ar New Hampshire ta koma tsarin shekara biyar tun cikin shekarun 1970, kuma binciken da Michael Andrew ya wallafa a 1990 ya nuna cewa waɗanda suka bi shi sun fi shiga aikin koyarwa, sun kuma fi daɗewa a cikinsa. A 1986 ƙungiyar Holmes, ta shugabannin tsangayoyin ilimi, ta yi kira da a ɗaga horon malamai zuwa matakin digiri na biyu. Mai suka zai ce wataƙila tun asali masu ƙwazo da ƙudurin koyarwa ne ke zaɓen doguwar hanyar, ba hanyar ce ta gyara su ba. Sukar tana da nauyi, kuma ita ce ta sa ban ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin hujjar ƙarshe ba.

Akwai suka mafi zafi, kuma jihar Virginia ce shaidarta. Shekaru da dama, yawancin masu son koyarwa a can sai sun yi shekara biyar kafin su sami lasisi. Da ƙarancin malamai ya tsananta, sai jihar ta sake buɗe ƙofar digirin ilimi na shekara huɗu, aka amince da sababbin shirye-shirye a 2019, har da na ilimi na musamman. Dalilin a fili yake. Ga ɗan talaka, shekara ta biyar shekara ce ta biyan kuɗin makaranta ba albashi. Tallafin Pell, wanda talakawa ke dogaro da shi, na masu karatun digirin farko ne. Tallafin TEACH bai wuce dala 4,000 a shekara ba, kuma yakan rikiɗe ya zama bashi idan mutum bai cika shekara huɗu yana koyarwa a makarantar marasa galihu ba. Abin da ake kira gajeriyar hanya gajeriya ce ga wanda dama sai ya yi mastas, kamar malamin jihar New York da doka ta wajabta wa. Ga wanda zai iya fara aiki bayan shekara huɗu, ƙarin shekara ce. Abin da ya fi damuna shi ne yaran unguwannin talakawa su ne za su rasa malaman da suka fito daga cikinsu.

Sannan ƙarancin kansa ba daga ƙofar shiga kaɗai yake ba. Nazarce-nazarcen Bonnie Billingsley da abokan aikinta sun daɗe suna nuna cewa malaman wannan fanni suna barin aiki ne saboda yawan yaran da aka ɗora musu, da tulin takardu, da rashin goyon bayan shugabannin makarantu. Gaggauta yaye malamai ba tare da gyara wannan ba ɗibar ruwa ne da kwando. Jihar Hawaii, da ta ƙara wa malaman ilimi na musamman dala 10,000 a shekara daga 2020, ta ga guraben da babu malami sun ragu ba tare da ta taɓa tsawon karatu ba. Majalisar dokokin ƙasar kuwa, wadda ta ɗauki alkawarin biyan har kashi 40 na ƙarin kuɗin da ilimin waɗannan yara ke ci a 1975, ba ta taɓa cika shi ba.

Saboda haka ina goyon bayan tsarin, amma da sharaɗi. Kwasa-kwasan da ake rabawa su zama na ƙa'ida, kamar doka da hanyoyin gwaji, kada a taɓa sa'o'in aji ko kaɗan. Shekara ta biyar ta zama ta zama a makaranta ɗaya tare da gogaggen malami wanda aka rage wa aiki domin ya sami lokacin horarwa. A kuma biya ɗalibin, domin aiki yake yi, kuma hukumar ilimin gundumar da za ta ɗauke shi daga baya ita ta fi cancanta ta biya. Jami'ar da ta cusa kwasa-kwasai biyar a zango ɗaya ta rage makonnin aji don lissafin shekara biyar ya fita, ta yaye malami mai digiri biyu wanda bai taɓa jagorantar zaman tsara shirin yaro ko sau ɗaya ba, kuma a watan farko na aikinsa za a miƙa masa fayil ɗin yara goma sha biyar ko fiye.