Adon da Ya Ceci Masallaci: Albaniya a Zamanin Enver Hoxha

A ranar 6 ga Fabrairun 1967, Enver Hoxha, shugaban jam'iyyar kwaminisanci ta Albaniya, ya yi jawabin da ya zuga matasa su far wa addini. Kafin shekarar ta ƙare an rufe wuraren ibada fiye da 2,000: masallatai da majami'u da zawiyoyin Baktashiyya. Aka rushe wasu, aka mai da wasu rumbunan ajiya ko gidajen silima. Babbar majami'ar birnin Shkodër ta koma zauren wasanni. Tsarin mulkin 1976 kuwa ya rubuta ƙarara cewa ƙasa ba ta amince da kowane addini ba.

Abin da aka yi hasara bai tsaya ga sallar jam'i ba. Kowane masallaci da ya faɗi, ya tafi da rubutun zayyana na mihirabinsa, da sassaƙar mumbarinsa, da aikin magina na zamanin Daular Usmaniyya.

Sai dai Masallacin Et'hem Bey da ke tsakiyar Tirana ya tsira. Molla Bey ne ya aza harsashinsa a ƙarshen ƙarni na 18, ɗansa Alhaji Et'hem Bey ya kammala shi. Bangayensa cike suke da zanen itatuwa da gadoji da ruwa mai kwarara. Hukuma ta ƙidaya shi cikin kayan tarihi, ta bar ginin, ta hana sujada a cikinsa. A nan akwai abin lura ga ɗalibin fiƙihu. Malamai da dama sun karhanta ƙawata masallaci, don kada ado ya shagaltar da mai salla. Ga shi adon da aka karhanta ne ya zama garkuwar ginin a gaban waɗanda ba su yarda da sallar ba.

Shin masallacin da aka ƙaurace wa yana nan a matsayin masallaci? Imam Abu Yusuf ya ce yana nan har abada. Imam Muhammad ash-Shaibani ya ce yana komawa ga wanda ya gina shi ko magadansa. Mutanen Albaniya ba su jira tarjihi ba. A ranar 16 ga Nuwamban 1990, Hafiz Sabri Koçi, wanda ya shafe kimanin shekara 20 a kurkuku, ya ja salla a Masallacin Dalma na Shkodër. A Janairun 1991 dubban mutane suka shiga Masallacin Et'hem Bey ba tare da izinin hukuma ba, 'yan sanda na kallo, ba su hana ba.