Iya Ijo: Uwar da Goro Ya Ba Mu a Shagamu

A watan jiya ne muka yi rashin wata tsohuwa Bayarabiya a nan Shagamu, wadda 'yan cocinsu ke kira Iya Ijo, wato uwar masu ibada. Mu mutanen Sabo kuwa Iya kawai muke ce mata. Kirista ce ta gaske, 'yar Methodist, ta haura shekara tamanin. Da muka haɗa tawaga za mu gaisuwa, wani yaro a kasuwa ya ce, "Alhaji, wai me ya haɗa ku da ita?" Tambayar nan ce ta sa muka ɗauki biro, don in yaro bai sani ba, laifin manya ne.

Goro ne ya haɗa mu. Kakanninmu fatake da can Gwanja suke zuwa, a ƙasar Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su ɗoro goro a kan jakuna, tafiyar wata da watanni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa. Sannu a hankali manoman ƙasar Yarbawa suka shiga dashen irin goron, a Agege da Ota, har ya iso ƙasar Remo. Shi ya sa har gobe Yarbawa "gbanja" suke ce wa goron da muke ci, sunan Gwanja ne ya biyo shi. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai harka ta juyo kudu, iyayenmu suka bi goro har inda ake nomansa. Haka Sabo ta kafu a ƙarƙashin Akarigbo, sarkin Remo.

To amma Bahaushe ba shi ke shiga gona ba. Matan Yarbawa ne ke bin ƙauyuka su sayo goro, su jiƙa, su ɓare, su wanke, su tsince mai sankara, su jera a kwando da ganye. Mu namu mu saya, mu ɗaure huhu, mu yi lodi zuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri. Yawancin cinikin bashi ne, ba takarda ba sa hannu, sai mota ta je ta dawo a biya. Iya ta fara hulɗa da iyayenmu tun ana lissafi da fam da sule, kafin naira ta fito a 1973. Ba mu taɓa jin an buɗe kwandonta an tarar da marsa a sama, ƙanana a ƙasa ba.

Addininta kuwa ba ta wasa da shi. Ran Lahadi ko nawa ka tayar ba za ta buɗe sito ba, ko da mota na jiran lodi. Iyayenmu suka san da haka, suka riƙa gama harka da ita tun Asabar. Ita ma in ladan ya kira salla sai ta ce, "Alaji, je ka dawo, goro ba ya gudu." Da azumi takan aiko mana da ƙosai da koko. Da Kirsimeti sai ta aiko a kira malaminmu na Islamiyya ya yanka mata akuya, don mu ma mu ci. Da babbar salla cinyar rago tata ce.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin kuɗi, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai tsofaffi banki. Mahaifinmu yana Arewa ba shi da lafiya, kuɗin mutane kuma na ajiye a wurin Iya. Ita da 'ya'yanta suka yi ta bin layin banki a rana har suka canza su. Da ya dawo ta miƙa masa a ƙulle cikin ɗankwali, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Sai kuma ranar da ba ma son tunawa. A watan Yuli na 1999, 'yan makonni bayan an rantsar da Obasanjo, rikici ya tashi a daren bikin Oro. Aka yi asarar rayuka, aka ƙona gidaje da shaguna, 'yan kwanaki bayan haka aka yi ramuwar gayya a Kano a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A wannan tashin hankali Iya ta buɗe sitonta, ta cusa matanmu da 'ya'yanmu a bayan kwandunan goro, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa da Baibul a cinya. Samari suka zo da adduna. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu, ta ce duk mai son shiga sai dai ya taka ta. Suka juya. Wasu daga cikin jariran da aka toshe wa baki a sito a ranar, yau su ne ke ɗaurin huhu a kasuwarmu.

Ranar jana'izarta mun rufe rumfunanmu. 'Ya'yanta suka kafa mana rumfa a harabar coci, muka zauna har aka fito da gawa, sannan muka ba da huhun goro na gaisuwa. Babbar 'yarta, wadda ta gaji sana'ar, ta ce Iya ta bar wasiyya kada a matsa wa wani ɗan Sabo da take bi bashi. Mu kuma muka zauna a ƙungiyance muka yanke cewa duk wanda ya san akwai kuɗinta a kansa ya kai kafin ƙarshen wata mai kamawa, wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa wa shugabanni a rufa masa asiri.

Saboda haka muna kira ga matasanmu, musamman masu tura zafafan maganganu a waya in an ji wani abu ya faru a gida, su tuna a cikin wa muke zaune, su tambayi iyayensu mata inda suka kwana a 1999. Allah ya ba iyalan Iya haƙuri, ya zaunar da Shagamu da ƙasarmu lafiya, amin. Wassalam.