Murjanin kakata daga teku ya fito

1/ Jiya na ga bidiyon wani yana kiwon murjani cikin akwatin gilashi a falonsa. Sai na tuna jan murjanin kakata a Daudawa. Ashe dabba ce, ba dutse ba!

2/ Irin nata daga Bahar Rum ake ciro shi. Fatake suka riƙa ratso Sahara da shi, daga Tarabulus ta Gadamas zuwa kasuwar Kurmi, har ya shiga lefen kakanninmu.

3/ Mai kiwon fa? Gishiri giram 35 a kowace lita, ɗumin ruwa digiri 25, wuta dare da rana. A ɗauke ta kwana biyu, shi ke nan.

4/ Na kakata kuwa, ƙanwata ta so ta sayar, wai tsohon yayi ne. Wallahi na hana.