Me waƙa take yi wa mutane a tsohuwar ƙasar Sin?

A ƙasar Sin ta dā, duk mai ilimi ana sa ran ya iya tsara waƙa. Da ita ake neman aiki, a yi wa sarki nasiha, a kuma gaida aboki na nesa.

Kundin waƙoƙinsu mafi tsufa shi ne Shijing, mai waƙoƙi 305. A ciki akwai na manoma, na aure, na sojoji masu kewar gida da na bukin fada. Almajiran malam Konfushiyas sun mai da shi littafin tarbiyya, jakadu kuma kan jawo baitocinsa in suna magana a gaban sarakuna. A zamanin daular Han har ma'aikata aka yi mai tattara waƙoƙin talakawa, ana cewa ta nan sarki ke jin halin da ƙasa take ciki.

A daular Tang, daga 618 zuwa 907, tsara waƙa ya shiga jarrabawar ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati. Kundin waƙoƙin Tang da sarki Kangxi ya sa aka haɗa a 1705 ya ƙunshi kusan waƙoƙi 49,000 na mawaƙa fiye da 2,200.

Wasu sun yi amfani da ita wajen faɗin gaskiya. Du Fu ya bayyana wahalar ƙauyawa da ake kwasa yaƙi bayan tawayen An Lushan na 755. Bai Juyi ya soki haraji mai nauyi da zaluncin ƴan fada. Sai dai abin na da haɗari: a 1079 an kulle Su Shi sama da kwana 100, wai waƙoƙinsa sun yi wa gwamnati habaici, daga baya aka kore shi zuwa Huangzhou.

Akwai kuma ɓangaren zumunci. Ma'aikaci akan tura shi lardi mai nisa, ya yi shekaru bai ga nasa ba. Ran tafiya abokai su rako shi da waƙar ban kwana. In ya isa ya aiko da tasa, su maido amsa, sau da yawa da amsa-amo iri ɗaya. Wata sananniyar waƙar Su Shi ta 1076, a daren bukin cikar wata ya yi ta, yana kewar ƙanensa Su Zhe. Har gobe Sinawa na rera ta in lokacin bukin ya zagayo, musamman waɗanda ke nesa da gida.