Oldaman na Girmamawa a Majalisun Ƙananan Hukumomin Ingila da Wels

Oldaman na girmamawa, wato dattijon majalisa, laƙabi ne da manyan majalisun ƙananan hukumomi na Ingila da Wels ke bai wa tsohon kansila bayan ya bar kujera, domin shaida cewa ya yi wa majalisar hidima ta musamman. Ba zaɓen jama'a ke kawo shi ba, kuma babu albashi ko ƙuri'a a tattare da shi. Hurumin bayar da shi yana cikin sashe na 249 na Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1974.

Sunan ya girmi majalisun kansu. Kafin Normawa su ci Ingila a 1066, babban hakimin da ke riƙe wa sarki lardi ne ke amsa shi, yana jagorantar mayaƙan lardin, yana kuma zaman shari'a. Daga baya ya koma kan manyan 'yan majalisun garuruwa, waɗanda a wurare da yawa suke riƙe da muƙamin har mutuwa, kuma su da kansu ke cike gurbin wanda ya rasu. Dokar gyaran majalisun garuruwa ta 1835, wadda ta shafi garuruwa 178, ta kawo kansilolin da masu biyan haraji ke zaɓa na shekara 3. Majalisar Sarakuna ta Birtaniya ta dage sai an bar wa dattawan gurbi, aka daidaita a kan cewa su ne za su zama kashi ɗaya cikin huɗu na majalisa. Majalisar garin ce ke zaɓensu na shekara 6, rabinsu na sauka duk bayan shekara 3. A 1888 aka shimfiɗa wannan tsari zuwa sababbin majalisun larduna.

Hujjar masu goyon bayan tsarin ita ce majalisa na buƙatar waɗanda suka san aiki, waɗanda guguwar zaɓe ɗaya ba za ta kwashe su ba. Illarsa kuwa ta bayyana tun da wuri. Tunda dattawan na da cikakkiyar ƙuri'a, jam'iyyar da ta sha kaye a hannun masu zaɓe na iya ci gaba da juya majalisa da ƙuri'un dattawanta, kuma ɗan siyasar da mazaɓarsa ta ƙi shi na iya dawowa ta wannan ƙofa. Dokar 1972 ta soke muƙamin daga 1974, majalisun unguwannin Landan suka bi baya a 1978. Sai dai masu tsara dokar sun raba abu biyu da suka daɗe a haɗe: suka cire iko, suka bar girma. Daga wannan rabuwa laƙabin na yau ya fito.

Sharuɗɗan da doka ta gindaya kaɗan ne, amma kowannensu na da dalili. Dole wanda za a karrama ya kasance ya taɓa zama ɗan wannan majalisa, kuma ba ya kan kujera a lokacin. Dole a kira zama na musamman saboda wannan magana, a kuma bayyana manufar zaman a takardar gayyata, don kada a cusa sunan wani a ƙarshen zaman yau da kullum bayan mutane sun fara watsewa. Sannan ƙudurin ba ya wucewa sai kashi biyu cikin uku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan laƙabin. A majalisar da jam'iyyu suka kusa yin kunnen doki, ba wanda zai same shi sai da yardar waɗanda ya shekara yana ja-in-ja da su kan kasafin kuɗi da izinin gine-gine da harajin gidaje. Yabon abokin hamayya ya fi na ɗan gida wuyar samu, saboda haka ya fi shi nauyi.

Doka ba ta faɗi yawan shekarun da mutum zai yi kafin ya cancanta ba. Kowace majalisa ce ke sa nata ma'auni: wasu shekara 12, wato wa'adi uku na shekara hurhuɗu, wasu 15, wasu 20, wasu kuma kan duba ko ya taɓa zama magajin gari ko jagoran majalisa. Wanda aka karrama yana iya halartar bukukuwan da majalisa ta gayyace shi, amma laƙabin bai ba shi damar zama cikin majalisa ko kwamitocinta ba, bai kuma ba shi alawus ba. Idan ya sake tsayawa takara ya ci, sai ya ajiye laƙabin har ya sauka. Gyaran doka na 2009 ya ƙara sigar mata ta sunan, domin matar da aka karrama ta amsa nata.

Bikin kansa gajere ne, kuma kusan iri ɗaya yake a ko'ina. A garuruwa masu magajin gari, yakan shigo zaure sanye da jar alkyabba da sarƙar muƙami a wuya, ana riƙe da sandar girma a gabansa, a ɗora ta bisa tebur alamar an buɗe zama. Wani kansila ya gabatar da ƙuduri, wani ya mara masa baya, sau da yawa daga ɓangaren adawa. Jawaban ba su cika zuwa nesa ba. Akan ambaci kwamitocin da mutumin ya zauna, da ɗakin karatun da ya hana a rufe, da mahadar titin da ya yi ta naci har aka sa mata fitila, da yammacin da ya riƙa zama a zauren unguwa yana sauraron koken masu haya. Bayan ƙuri'a sai ya sa hannu a kundin dattawa, a ba shi takardar shaida mai hatimin majalisa da lambar ratayawa. Daga nan akan gayyace shi bikin rantsar da sabon magajin gari a watan Mayu, da taron tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi a Lahadi ta biyu ta Nuwamba.

Akwai wani laƙabin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, wato ɗan gari na girmamawa, wanda wata doka ta 1885 ta fara tanada kuma yanzu yake cikin wannan sashe na 249. Shi ba sai tsohon kansila ba. Ana ba duk wanda ya yi fice ko ya yi wa gari hidima, har ma da rundunar soja, wadda ke samun damar yin fareti cikin gari da ganguna da tutoci. Tun daga Janairu 2010 majalisun ƙauyuka da ƙananan garuruwa, waɗanda suka kai kimanin 10,000 a Ingila, ke iya bayar da shi. Ba su da hurumin naɗa oldaman, don haka da wannan suke karrama tsofaffin kansilolinsu, waɗanda mafi yawansu ba a biyansu ko sisi. Doka ba ta fayyace yadda ake janye laƙabin ɗan garin ba, amma an janye: majalisar Oxford ta karɓe nata daga Aung San Suu Kyi a Nuwamba 2017 saboda abin da ya sami 'yan Rohingya, ta York kuma ta karɓe daga Andrew, wanda yake yarima a lokacin, a Afrilu 2022.

Idan tsohon kansila ya rasu, al'ada ce ke aiki, ba doka ba. A zama na gaba magajin gari ko shugaban zama yakan sanar da rasuwar, majalisa ta miƙe ta yi shiru na minti ɗaya, waɗanda suka yi aiki da marigayin su faɗi abin da suka sani. Wasu majalisu kan sassauto da tuta zuwa rabin sanda a ranar jana'iza. Akan sa sunansa a kan bencin lambu ko zauren taro ko sabon titi, kasancewar raɗa wa tituna suna na cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kodayake da yawa daga cikinsu ba sa sa sunan mai rai. Abin da ya fi waɗannan daɗewa shi ne kundin bayanan zama, inda ake rubuta ranar da aka zaɓe shi da mazaɓar da ya wakilta da shekarun da ya yi. Ga kansilan da bai taɓa fitowa a jaridar ƙasa ba, sau da yawa waɗannan layuka ne kaɗai tarihin aikinsa da hukuma ta ajiye.

A wajen wannan tsari, sunan ya ɗauki salo dabam-dabam. Tsohon Birnin Landan, wanda faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 3 ba, yana nan da dattawa masu cikakken iko: mazaɓunsa 25 kowace na zaɓen ɗaya na shekara 6, kuma daga cikinsu ake fitar da Babban Magajin Birnin. A Ailan ta Arewa wasu majalisu kan sa wa kansilolin da ke kan kujera wannan suna, matuƙar ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Jamhuriyar Ailan ta soke shi da wata doka ta 2001. A Afirka ta Kudu, birnin Cape Town na ba kansilolin da suka daɗe suna aiki. A Najeriya kansila da mazaɓarsa daga wannan tushe suka fito, sai dai a ƙasar Hausa karrama mai hidima ga jama'a ya fi bi ta fada, inda sarki ke naɗa masa rawani. Bambancin shi ne a can Ingila tsaransa ne ke ba shi, ta hanyar ƙuri'a.

Masu suka kan ce 'yan siyasa ne ke yabon junansu da kuɗin jama'a, kuma tsawon zama ba shi ne nagarta ba. Sukar na da tushe a inda ake ƙidaya shekaru kawai a miƙa lamba. Duk da haka kuɗin da ake kashewa bai wuce na lamba da takarda da ɗan abin sha ba, aikin da ake sakawa kuwa na shekaru ne, galibi da yamma bayan mutum ya tashi daga sana'arsa. Laƙabin ya kuma nuna yana iya wuce majalisar da ta bayar da shi. Ranar 1 ga Afrilu, 2023, aka rushe tsofaffin majalisu a Cumbria da North Yorkshire da Somerset, aka kafa sababbi a madadinsu, kuma bisa ƙa'idojin miƙa mulki dattawan waɗanda aka rushe suka koma dattawan majalisun da suka gaje su.